Matan da Sarki Ya Ajiye Ba Aure: Musayar Waƙa

Malam Mai Tawada:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta tarihin fadar Whitehall da ke Landan a zamanin Sarki Charles na Biyu, wanda ya hau gadon mahaifinsa a 1660, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rayuwar matan da ya ajiye ba tare da aure ba. Zan fara da Barbara Villiers, ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah zan ɗau alƙalami,
Mai ba da mulki kuma Mai tuɓewa.

Sarki ya dawo daga gudun hijira,
Landan ta cika da kiɗa da rawa.

Barbara na nan, matar Roger Palmer,
Aurensu shekara guda, bai yi daɗewa.

Sarki ya gan ta ya sa ta a ransa,
Mijin yana gani, ba ikon hanawa.

Aka ba mijin sarautar Castlemaine,
Kowa a fada ya san dalilin naɗawa.

Waziri Clarendon ya ƙi jininta,
A 1667 ta ga korarsa da idanuwa.

A 1670 ita ma aka ba ta sarautar Cleveland,
Da fadar Nonsuch, kyauta ba sayarwa.

'Ya'ya biyar Sarki ya ce nasa ne,
Uku maza, duk sarauta suke riƙewa.

Ni dai ina ganin matar nan ta yi mulki,
Wanda ya ƙi, ga fili, ya zo da amsawa.

Gwaggo 'Yar Birni:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ƙidaya abin da Barbara ta samu, amma ka tsallake matar da aka ɗauro aurenta daga Fotugal, wadda a ɗakinta aka yi wannan cin fuska.

Malam, ka bar uwargida a baya,
Catherine mai kunya da natsuwa.

A 1662 ta iso Ingila tana amarya,
Gararta har da Tanja da Bombay, garuruwa.

Ango ya rubuta sunan Barbara
Cikin matan ɗakinta masu hidimtawa.

Amarya ta soke sunan da hannunta,
Ya kawo Barbara fadar Hampton Court ba sanarwa.

Da ta gane wadda ta sumbaci hannunta,
Sai hawaye, sai haɓo, sai sumewa.

Ya mai da yawancin 'yan rakiyarta gida,
Ta haƙura don ta rasa wurin gayawa.

Abin da ka kira mulki kuwa, Malam,
Aro ne, mai shi na iya ƙwacewa.

Dokar 1673 ta hana Katolika muƙami,
Barbara 'yar Katolika ta bar hidimar ɗakin, ba ta komawa.

Nonsuch ɗin ma ta sa an rushe ta,
Ta sai da duwatsu, bashin caca na kamawa.

A 1709 ta rasu can a Chiswick,
Fadar ta daɗe da daina kulawa.

Auta:

Malam da Gwaggo, ina gaishe ku da girmamawa. Dukanku kun tsaya a kan 'ya'yan manya, ni kuwa zuciyata tana wajen Nell (Eleanor) Gwyn, wadda aka haifa a 1650, ta tashi a lungunan Landan ba ta da dangi mai faɗa a ji, kuma duk abin da ta samu da bakinta da hazaƙarta ta same shi.

Gwaggo, ki ba ni dama in ɗan tsoma baki
Kan yarinyar da ta fito cikin talakawa.

Uwarta giya take sayarwa a gidan banza,
Nell na ƙarama take tayawa da zubawa.

Ta koma tallan lemo a gidan wasa
Na Drury Lane, tana kira ana sayewa.

Zamanin ne aka fara barin mata
Su hau dandali su yi kwaikwayawa.

Ta hau tana 'yar shekara sha biyar,
In ta buɗe baki sai dariya da sowa.

Rubutu bai zauna mata a hannu ba,
E da G kaɗai take iya sanyawa.

A nan Sarki ya gan ta ya neme ta,
A 1670 ta haifa masa ɗa, ba musantawa.

Ya ba ta gida a titin Pall Mall,
Sarauta kuwa bai taɓa yi mata naɗawa.

Barbara da Louise, wata farkar Sarki, an kira su da laƙabi,
Ita Nelly ce kawai a bakin fadawa.

Ta dage sai ɗanta ya sami suna,
Sarautun Burford da St Albans ya zo yana riƙewa.

Uwarta a 1679 ta faɗa rafi,
Kusa da Chelsea ta mutu cikin ruwa.

Ƙaramin ɗanta ya rasu a Faransa,
Ba ta kusa balle ta yi masa rufewa.

An ce a Oxford taro ya tare keken dokinta,
Sun zaci Louise ce, 'yar Faransawa.

Ta leƙo ta ce ita ce 'yar Furotesta,
Zagin ya juya ya koma yabawa.

Baba Mai Carbi:

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Ina so in gyara wata kalma kafin ta shigo, domin na san wani zai ce waɗannan matan ƙwaraƙwarai ne. A fadojinmu na da, ƙwarƙwara tana da matsayi sananne, ɗanta ɗan halak ne, yana gado, yana kuma iya hawa gadon sarauta. Matar da Sarkin Ingila ya ajiye farka ce a idon coci da doka, kuma ɗanta, ko da an ba shi sarauta mafi girma, ba ya cikin layin gado. Wannan ne ya sa kowaccensu take gaggawar tara abin da za ta tara tun mai gidan yana da rai.

Auta, kin ambaci Louise a wucewa,
Bari in ɗora daga inda kike tsayawa.

A 1670 ta zo Dover cikin rakiyar
Henrietta, wadda ga Sarki take ƙanwa.

Sarkin Faransa ya so ta zauna a fada,
Ta zame masa ido da kunnuwa.

Aka ba ta sarautar Portsmouth da ɗakuna a Whitehall,
Mutanen gari kuwa ba sa ƙaunar ganawa.

A Fabrairun 1685 Sarki ya kwanta,
Ɗakin ya cika da limamai da fadawa.

Shekara goma sha huɗu tana gefensa,
Ranar nan ba ta da hurumin zaunawa.

Ta aika a nemo limamin Katolika,
Huddleston ya shiga ta ƙofar ɓoyewa.

An ce Sarki ya roƙi ƙaninsa James, magajinsa:
Kada ka bar Nelly ta mutu da yunwa.

Babban ɗansa Monmouth, ɗan Lucy Walter,
Ya ɗau makami yana neman hawa.

A Sedgemoor aka karya rundunarsa,
A Yuli aka sare kansa, ba sassautawa.

Louise ta tattara ta koma Faransa,
A 1734 ta rasu, bayan doguwar rayuwa.

Malam Mai Tawada:

Baba, na karɓi gyara, kuma Gwaggo ta fi ni gaskiya a kan Catherine. Saura tambaya ɗaya gare ki, Auta.

Na janye kalmar mulki da na faɗa,
Tunda numfashin mutum guda ke riƙewa.

Auta, wasiyyar nan James ya cika ta,
Ko da aka binne Sarki aka yi mancewa?

Auta:

Malam, ya cika ta, kuma ina ganin ya kamata a faɗi haka tunda hakkinsa ne.

Masu bin bashi sun taso mata gaba ɗaya
Tun makokin Sarki bai kai ga ƙarewa.

James ya biya, ya yanka mata fansho,
Fam 1,500 duk shekara ake bayarwa.

Ya so ta koma Katolika ta ƙi yarda,
Ta zauna a Pall Mall ba ta sauyawa.

A 1687 ciwo ya buge ta sau biyu,
Ɓarin jikinta ya daina motsawa.

Ranar 14 ga Nuwamba ta cika,
Shekara 37 ke nan da haihuwa.

A cocin St Martin aka yi jana'izarta,
Thomas Tenison ya yi huɗubar binnewa.

Ta bar wasiyya a je kurkukun bashi
Duk Kirsimeti a biya a yi fitarwa.

Ta ware wani kaso ga matalautan Katolika,
Waɗanda addininsu da nata ke bambantawa.