Karanta Sunan Maƙeri a Gindin Takobin Japan

Idan masu tara takubban Japan suka tattauna kan sa hannun maƙera, abin da suka fi nanatawa shi ne kada a kuskura a goge tsatsar nakago, wato gindin ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota. Tsatsar ce shaidar shekaru. Ta takubban da aka ƙera kafin 1596 baƙa ce wuluk, ta na baya-bayan nan kuwa ja-ja ce. Wanda ya kankare ta ya karya darajar kayansa da hannunsa.

Sunan maƙeri yakan zo a gefe ɗaya na gindin, kwanan wata a ɗayan, bisa lissafin zamanin sarauta. Showa 18, alal misali, wato shekara ta 18 ta zamanin Sarki Hirohito, 1943 ke nan, a ƙara 1925 kawai.

Sai dai suna kaɗai ba hujja ba ne. Jabun sa hannu, da suke kira gimei, ya yi yawa, musamman na shahararren maƙeri Kotetsu, shi kuwa Masamune, wani fitaccen maƙerin, da wuya ya sa suna. Don haka a fara duba sifar takobin da zanen kaifinsa, sannan sawun magagari da yawan hujin da ke gindin. In takobin mai tsada ne, a kai wa NBTHK, ƙungiyar adana takubban Japan da ke Tokyo, ta tantance.