Ta yaya Juliya Domna ta ci gaba da zama da ɗan da ya kashe mata ɗa?

Maman Samari:
Assalamu alaikum. Jiya da dare na ga hoton wani allo mai da'ira da ke gidan tarihi a Barlin: Sarkin Rum Sabtimiyus Saferus, matarsa Juliya Domna, da 'ya'yansu maza biyu a gabansu. Amma fuskar yaro ɗaya an kankare ta, ba ido ba baki, sai tabo. Ashe Geta ne, kuma wansa Karakalla ne ya sa aka kashe shi a ƙarshen shekarar 211, a jikin uwarsu, har takobi ya yanke ta a hannu. Wallahi barci gagara ta ya yi. Ina da samari biyu, kusan kansu ɗaya kamar waɗannan, ko musu suka yi a falo gabana faɗuwa yake. To abin da na kasa ganewa, an ce bayan haka ita Juliya ce ma ke riƙe wa Karakalla wasiƙun fada. Wace irin zuciya ce wannan? Son mulki ne ko me?

Malam Mai Allo:
Wa alaikumus salam. Hajiya, a yi mata adalci. Karakalla ya hana ta ko kuka, kuma marubucin zamanin, Kasiyus Diyo, ya ce an kashe kusan mutum 20,000 na ɓangaren Geta. Hawaye a fili a lokacin hukuncinsa kisa ne. Ina za ta? Mijinta ya rasu tun Fabrairun shekarar a Yok, can Ingila. Ita baƙuwa ce, 'yar Emesa ta Siriya, Homs ta yau, mahaifinta babban limamin gunkin rana. Ba ta da wata rumfa sai ɗan nan.

Kuma ta yi iya yinta kafin jini ya zuba. An ruwaito cewa da 'yan'uwan suka shirya raba daular gida biyu, Geta ya ɗauki gabas, ita ce ta tambaye su yadda za su raba uwarsu, shirin ya watse.

Auta:
Malam, ni ban yarda tsoro kaɗai ba ne. Matar nan ta san daɗin iko. Tun 195 ake kiranta uwar sansanin soja, hotonta na kan kuɗi, tana bin mijinta har fagen yaƙi. Da Filautiyanus shugaban dogarai ya takura mata, masana da masu falsafa ta tara a gefenta har ya faɗi a 205. Wadda ta saba da haka ba za ta koma ɗaki ta zauna ba. Kuma a ganina hana raba daular nan kuskure ne. Da Geta ya tafi gabas, wataƙila da ya tsira.

Maman Samari:
Auta, maganarka ta ƙarshe ta soke ni. Ke nan son ta haɗa kansu ne ya ja? An ce ma da sunan sulhu aka kira Geta ɗakinta, shi ya sa ya shigo ba masu tsaro. Ya amince ne don ɗakin uwarsa ne. Malam, yaya ta ƙare?

Malam Mai Allo:
A Antakiya take a 217 aka kawo mata labarin an kashe Karakalla kusa da Harran, duka biyun garuruwa ne a Turkiyya ta yau. Sabon sarki Makirinus ya fara lallaɓa ta, daga baya ya umarce ta ta bar garin. Da ma tana fama da ciwon nono, sai ta daina cin abinci har ta mutu. 'Yar'uwarta Juliya Mesa ta koma Emesa da dukiyarta, shekara ta zagayo ta ɗora jikanta Elagabalus a karaga.

Maman Samari:
Na gode Malam. Na sake buɗe hoton yanzu. Ita tana sama daga hagu, da 'yan kunnen lu'ulu'u, kuma tabon yana daidai ƙarƙashin haɓarta.