Kyanwarmu ta mutu a ɗakin ajiya, amma ba ta ruɓe ba

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Muna da ɗakin ƙasa a gidanmu nan unguwar Birni, Damagaram, mun zuba gero muka kulle tun bayan kaka. Jiya na buɗe sai ga kyanwarmu bayan buhuna, wadda yara suka yi ta kukan ɓatanta. Wallahi ta bushe ƙamas, fata ta manne da haƙarƙari, na ɗaga ta kamar kwali. Wari kaɗan ne, irin na tsohuwar fata. Amma bara cikin Agusta ɗan akuya ya mutu mana a zaure, kwana 2 ciki ya kumbura, ɗoyi ya hana mu cin tuwo. Mene ne bambancin? Abin ya tsaya mini a rai.

Malamar kimiyya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, maganar duk ta ruwa ce. Kusan kashi 2 cikin 3 na jikin dabba ruwa ne. Da rai ya fita, ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji sai su fara cin jikin daga ciki, suna fitar da iska, ita ce kumburin da ɗoyin. Ƙuda kuma su yi ƙwai, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fito. To dukansu sai da laima suke aiki. A damina iska cike take da ruwa, gawa ba ta samun bushewa. A hunturu kuwa iskar Damagaram busasshiya ce, bangon ƙasa da geron ma suna tsotsar laima, ga kyanwa ƙarama, wataƙila ma ta rame da yunwa da ƙishi kafin ta mutu. Sai bushewa ta riga ruɓewa. Mutanen Masar na zamanin da, haka suke busar da gawa da wani gishiri ɗan'uwan kanwa, kwana 40 tana ciki. Ɗakin yana da 'yar taga?

Mai kilishi, Zango:
Malama ta faɗi gaskiya. Nama in ka yanyanka shi sirara ka shanya, lafiya lau. Bar shi dunƙule cikin leda ka ɗaure baki, gobe sai zubarwa.

Hajiya daga Garin Malam:
Ɗana, ka ɗaure hanci kafin shara, ka wanke wurin da ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Buhun da ta kwanta jikinsa kada ya shiga tukunya.

Ɗan Birni:
Akwai 'yar taga can sama, Malama, mun sa mata raga don ɓeraye, shi ya sa ƙuda bai shiga ba ke nan. Hajiya, na ware buhun. Ni da yaran mun binne kyanwar gindin darbejiya.