Wayar sifika mai tsada tana canza sauti ko kunne ne ka yaudarar mutum?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Kwamitin masallacin unguwarmu sun ɗora min sayen kayan sauti kafin azumi saboda tafsiri, amfilifaya da sifiku huɗu. Na shiga kasuwa wani mai shago ya nuna min waya kala biyu, ɗaya ta ninka ɗaya kuɗi sosai, ya ce mai tsadar tana fiddo murya tas ko numfashin alaramma sai an ji. Ya haɗa min duka biyun kuma wallahi sai na ji kamar mai tsadar ta fi daɗi, amma kuɗin jama'a ne ba nawa ba shi ya sa nike tsoro. Don Allah masana, in anka rufe ma mutum ido bai san wacce anka haɗa ba, shina iya bambancewa?

Injiniya Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanena. An daɗe ana wanga gwaji a Turai da Amurka, ABX suke ce mai. A jiyar da kai waya A, a jiyar da kai B, sannan a sa X wadda ɗaya ce cikinsu ka faɗi wacce, kuma shi kanshi mai tambayarka bai sani ba balle fuskarshi ta nuna maka. In anka yi sau 16 sai ka ci 12 kafin a fara yarda ba canki-canka kake ba. Abin da anka saba gani shi ne in wayoyin kaurinsu da tsawonsu ɗaya ne mutane ba su wuce canki-canka. A 2007 ma James Randi, wani mai rufa-ido da ya shahara wajen tona asirin 'yan damfara, ya sa dala miliyan 1 ga wanda zai gane wayar Pear Anjou ta dala 7,250 da kunne kaɗai, an sha cacar baki amma gwajin bai yiwu ba, don haka ba na kawo shi hujja, hujjata lissafi ne.

Waya tana ɗan tauye wutar da ke bi cikinta, ana auna wannan da ohm. Tagulla mai 1.5mm mita 3 zuwa da dawowa kamar 0.07 ohm ne, ita ma sifika da ohm ake auna ta, in taka 8 ohm ce to na wayar bai kai kashi 1 cikin 100 na sifikar ba, babu kunnen da ka jin haka. Amma ja ta mita 20 zuwa bayan masallaci ka sa sifika mai 4 ohm, wayar ta kai kusan 0.46 ohm, ya haura kashi 10 na sifikar kenan alhali ana son kar ya wuce kashi 5. Nan kam ƙara na raguwa. To maganin kauri ne, 2.5mm ko 4mm, ba sunan kamfani ba.

Batun shago kuwa, ka san wacce ce mai tsada kafin ka ji, kuma in anka ɗan ƙara murya ko kaɗan kunne sai ya ce wagga ta fi.

Abu Sauti Runjin Sambo:
Injiniya Allah shi ƙara basira amma ni ban yarda duka ba. Aikina kenan haɗa sauti wajen biki da wa'azi, na sha canza wayar makirfo guda ɗaya rak gunjin nan na huuu ya ɗauke nan take musamman in muna kan janareto, wannan ko an ɗaure min ido da rawani sai na gane.

Injiniya Arkilla:
Gaskiyarka Malam Abu, kuma da kai anka yi ABX da ka ci 16 cif. Sai dai wayar makirfo daban take. Siginar makirfo ƙarama ce ƙwarai, in ta bi kusa da wayar wuta ko janareto sai ta kwaso gunji amfilifaya ta ƙara mai ƙarfi. Shi ya sa ake son mai kan XLR mai ƙafa 3 da raga kewaye da ita, siginar na bin layi biyu, hayaniyar da ta shiga dukansu sai miksa, wato na'urar da ake jona makirfo a jikinta, ta soke ta. Bambanci ne tsakanin waya mai lafiya da mai matsala, ba tsakanin mai kyau da wadda ta ninka ta kuɗi ba.

Maman Hanifa:
Ƙanin maigidana wayarin yake yi, ya ce ku kula da alminiyon da anka shafa ma tagulla a sama, ta cika kasuwa. Ka kankare bakin wayar da wuƙa in cikin fari ne to ita ce, ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla kuma tana saurin karyewa wajen ɗauri.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai Allah shi saka da alheri. Gobe in sha Allah za ni auna nisan da tef tukunna. Injiniya sifiku biyu na waje irin masu bakin kakaki ne kuma za su kai mita 40, su ma 4mm ɗin zan sa?

Injiniya Arkilla:
Duba bayansu da bayan amfilifayar, in ka ga an rubuta 100V ga duka biyun to ta nan za ka haɗa, 1.5mm ta tagulla ta isa ko an wuce mita 40. In babu ka turo hoton takardar da ke manne a bayan in gani.