Shawarwari kan tsara mujallar yaye ɗalibai

Malamai da masu ɗab'i a Gombe sun fi nanata batun hoto. Wanda aka turo ta WhatsApp ya riga ya matse, a takarda dishi-dishi yake fitowa. A karɓo na asali, mai 300 dpi (wato ɗigo 300 a kowane inci, ma'aunin kaifin hoto). A ɗauki ɗalibai a bango ɗaya, girman kawuna daidai. A mai da launi CMYK, wato tsarin launuka huɗu na injin ɗab'i, domin shuɗin kwamfuta yakan dushe a inji.

Yawan shafuka ya zama wanda zai rabu gida 4 daidai. A bar rarar milimita 3 a gefen shafi saboda yanka, kuma kada fuska ta faɗa bakin ɗinki. Salon rubutu biyu sun isa, amma a gwada ƙ, ɗ, ɓ tukuna, don a wasu salon alamar akwati ke fitowa a maimakonsu. Sunaye kuwa, nan ake rigima: kowane ɗalibi ya duba nasa ya sa hannu kafin bugu.