Kitosan da tantanin bakteriya: wane gwaji zan yi?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Aikina a kan kitosan ne, polimar da ake samu daga ɓawon jatan lande da kaguwa. Ina son in nuna cewa yana huda tantanin da ke lulluɓe da bakteriyar E. coli, amma sifektirofotomita, na'urar auna hasken da ruwa ke sha, kaɗai gare mu. Ta ina zan fara?

Malam: Wa alaikumus salam. Fara da yoyo. In tantani ya ɓule, abin cikin ƙwayar yana zubowa. Ki juya samfurin a santirifuj don ƙwayoyin su kwanta, ki auna ruwan saman da haske mai tsawon zango nanomita 260, nan ne DNA da RNA ke shan haske. Dalilin hudawar kuwa caji ne: kitosan fozitif, fuskar bakteriya negetif, sai ya manne ya ture magnesiyam da kalsiyam da ke riƙe da tantanin waje (E. coli tantani biyu gare ta, na waje da na ciki).

Anti mai ɗakin gwaji: Ƙanwata, kula da tsami. Kitosan ba ya narkewa sai a ruwa mai asid, kamar asid ɗin asetik kashi 1 cikin 100, kuma da pH ya haura 6.5 cajin ya fara gudu. To shi asid ɗin kansa yana wahalar da bakteriya. Dole ki ware kwalba ɗaya mai asid zalla, in ba haka ba ranar kare aiki za a ce ruwan tsami kika gwada.

Ɗan aji: Ni da faifan takarda mai jiƙe da kitosan a kan agar, daskararren abincin rainon bakteriya, zan yi, ya fi arha.

Anti mai ɗakin gwaji: A'a ɗana. Polima ƙatuwa ce, ba ta ratsa agar da kyau. Sai ka ga ba da'irar da bakteriya suka kasa girma a kewayen faifan, ka ce ba ta aiki. A ruwan rainon bakteriya ake gwada ta.

Malam: In kin samu nau'in E. coli da ake kira ML-35, yi gwajin ONPG, sinadari mai kama da sukarin laktos da ke komawa rawaya in ya shiga cikin ƙwayar. ML-35 ba shi da ƙofar shigar da laktos, don haka ruwan ba ya yin rawaya sosai sai tantanin ciki ya buɗe. A nanomita 420 ake karantawa, na'urarku ta isa. Gwajin NPN, wani rini mai ƙyalli, na tantanin waje ne, amma sai da na'urar auna ƙyalli. Ki sa polimiksin B, maganin da aka san yana huda tantani, a gefe don kwatance.

Likita: Ku bar ni in sa baki. Mutuwar ƙwaya daban, hudawa daban. PHMB, polimar kashe ƙwayoyin cuta da muke gani a bandejin miki, an nuna a 2016 cewa yana shiga ciki ya dunƙule DNA. Kada ki rubuta "ya huda" don kawai sun mutu. Sannan ki gwada kitosan da jajayen ƙwayoyin jini, a ga ko yana fasa namu.

Ɗalibar digiri na biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, bafa fa, wato ruwan daidaita pH, na fosfet zan yi amfani da shi?

Anti mai ɗakin gwaji: Fosfet yana iya dunƙule kitosan. Nemi na asetet.