Tuffa ta ƙi fure a Jidda: waye ya taɓa yi wa bishiya aure?

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum jama'a. Na shuka ƙwallon tuffar da na saya a kasuwa, yau shekara 5 ke nan a tsakar gida. Ta kai ni tsawo, ganye shar, amma ko fure ɗaya ban taɓa gani ba. Wani ya ce in yi mata aure, wato in haɗa mata reshen wata tuffa mai 'ya'ya a jikinta. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka min da abin da ya gani.

Dattijo, Ɗa'if: Wa alaikumus salam ɗana. Na kwashe shekaru ina aikin lambu a Shafa, can kan duwatsun Ɗa'if, kuma ba na jin aure kaɗai zai raba ka da wannan matsala. Tuffa sai ta yi barcin sanyi kafin ta yi fure. Yawancin irin da ake kawowa kasuwa na neman awa 800 zuwa 1,000 na sanyin da bai haura digiri 7 ba. Ina Jidda ina wannan sanyi? Mu nan tudu ne, Ɗa'if kanta ta kai kusan mita 1,800, Shafa ta haura 2,000. Ko a hakan irin tuffar da ake kira Anna muka fi sawa, don awa 200 zuwa 300 sun ishe ta, sai a dasa wani irin, Dorsett Golden, kusa da ita saboda ƙudan zuma su riƙa kai garin fure tsakaninsu.

Auren kuwa a Janairu nake yi, kafin idanun toho su farka. Reshe ɗan shekara ɗaya, kaurin fensir, mai ido uku. In fiƙe gindinsa gefe biyu da reza, in tsaga uwar, wato bishiyar da za a yi wa auren, in cusa. Sirrin yana ga koren nan da ke ƙarƙashin ɓawo: in na reshe bai haɗu da na uwa ba ko ta gefe guda, aikin banza ne. Sai in naɗe da leda tam. Cikin sati uku zuwa huɗu za ka ga ido ya kumbura.

Hajiya, Madina: Baba, ledar nan ita ta cuce ni. Na yi wa lemona auren ido, wato na idon toho guda maimakon reshe, ya kama tsaf, sai na manta ban kwance ba har wata biyar. Da na duba ta nutse cikin ɓawo kamar zobe a kumburarren yatsa, iska na tasowa reshen ya karye. Har ƙwalla na yi.

Wani, Shari' Mansur, Makka: Ni kuma tohon da ke fitowa ƙasan wurin auren na bari, ina murna bishiya ta yi ƙarfi. Ashe uwar ce ta dawo. Ta shanye abincin duka, amaryar ta bushe, na tashi da lemo mai ɗaci.

Dattijo: Wannan toho da yatsa ake tsinke shi tun yana ɗanye. Hajiya, sannu. In ya kai wata biyu a sassauta ledar.

Wani, Jizan: Yaya, ka zo ka ga mangwaro a nan. Ka nemi dashen da aka riga aka yi wa aure a wurin masu dashe, zafi ba ya damunsa, nawa a shekara ta 3 na ci. Ruwa mai gishiri ne kawai ba ya so, bakin ganye yake ƙonawa.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Zan bar ta don inuwa, yara sun saba da ita. Baba, in na hau Ɗa'if ƙarshen wata zan zo ka nuna min fiƙar nan da idona.